Tayoyi Biyu a Hanyar McLeansville

Abu na farko da na lura da shi a Greensboro shi ne babu mai tafiya a ƙasa. Daga filin jirgi har gidan da aka kama mana, na manna goshina da gilashin mota ina neman mutum ɗaya da ke takawa da ƙafarsa, ko mai keke, ko mai tura baro. Ban ga kowa ba. Dogayen itatuwa ne dama da hagu, sai titi mai faɗi kamar da safen nan aka shimfiɗa shi, sai motoci suna wucewa ba mai danna hon. A Funtuwa ko rana ta take ba ka rasa mai rake ko mai gyaɗa a bakin hanya. Na ɗauka ko wata doka aka kafa ta hana fita. Na so in tambayi Abba, amma akwai baƙo a motar, ni kuwa harshena nauyi yake yi a gaban baƙo. Shekarata goma sha uku a lokacin.

Baƙon shi ne Malam Issaka, mutumin Kumasi, wanda ya zo ɗaukarmu. Kamar ya ji abin da ke raina, ya dubi Abba ya ce, "Malam Bashir, garin nan in ba ka da mota, gurgu ne kai. Ko gishiri za ka saya sai da taya huɗu."

Karatu ne ya kawo Abba. Jami'a ta ba shi gurbin digiri na uku a kan kiwon awaki, tana biya masa kuɗin makaranta tana kuma ba shi ɗan abin da muke ci, bisa sharaɗin zai riƙa kula da awakin gwaji da ke wata gona a McLeansville, gabas da gari. Bas ba ta zuwa can. Malam Issaka ne ke ɗaukarsa kullum da safe, shi kuma ya kusa gama nasa karatun, zai koma wata jiha kafin sanyi ya shigo. Farfesar Abba, wata Baturiya mai gajeren gashi fari fat, ta gaya masa tun ranar farko cewa awaki ba su san hutu ba. Idan ba zai iya zuwa kullum ba, dole ta ba wani aikin. In aikin ya tafi, kuɗin makaranta ya tafi, mu kuma sai mu tattara mu koma gida.

Umma ba ta saba da wurin ba. Takan tsaya a taga da la'asar tana kallon filin ajiye motoci, ta ce, "Ko sallama babu. Ko a aiko yaro aron rariya." Ni kuma a makaranta na yi makonni ban buɗe baki ba sai in malama ta kira sunana. Amma da yake ba na magana, ina ji. Turancinsu da ya zo mini da farko kamar ana tauna ƙashin rake, a hankali ya fara rabuwa kalma-kalma. Abba ya fi ni Turancin littafi nesa ba kusa ba, sai dai in Ba'amurke ya yi sauri sai ya ɓace masa. Shi ya sa da aka fara neman mota ya ce, "Mamana, sa hijabinki. Ke ce kunnena." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka yake ce mini Mamana, Umma kuma ta ce Walida.

Gate City Boulevard doguwar hanya ce. Akwai shagon da Umma ke sayen manja da busasshen kifi, akwai gidajen abinci, akwai filayen sayar da motoci da aka zagaye da ƙananan tutoci masu launi suna kaɗawa kamar gidan suna. Mun shiga filaye da yawa a ranakun Asabar.

Abba ɗan gidan direbobi ne. Yayansa, Baba Sale, ya tsufa yana jan mota tsakanin Funtuwa da Gusau, Abba kuma ya taso yana miƙa masa sifana. Saboda haka yana da yadda yake duba mota. Sai ya ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa yana kasa kunne, don ya ji inda fanal bita ya cike. Sai ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsu ya sansana. Sai ya ɗora tafin hannu a bakin salansa. Daga nan ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya ga da wace taya take ja, gaba ko baya. Masu filayen sukan tsaya riƙe da ƙugu suna kallonsa, ni kuwa in ji kamar in nutse, amma a raina ina alfahari.

A wani ƙaramin fili wata mata ta nuna mana wata 'yar mota ruwan toka, rufinta ya koɗe kamar tsohon faranti. Ta yi magana da sauri, na raɗa wa Abba, "Ta ce ba ta da kyan gani amma ba ta shan mai, kuma da gaba take ja, wai ta fi riƙe hanya lokacin sanyi."

"Jan gaba?" Abba ya girgiza kai. "Mota mai jan gaba ba ta ɗaukar wahala. Ki tambayi Baba Sale. Mota ta gaske daga baya take turo kanta."

Ranar Juma'a a masallaci ya haɗu da Alhaji Mudi, wanda ke sayen motoci yana turawa Kwatano. Washegari muka je wurinsa. Gajere ne mai tumbi, da wayoyi biyu a hannu, yana ƙamshin turare.

"Haba Malam," ya ce, "kana da ɗan'uwa a gari ka je kana ba bare kuɗinka? Zo ka ga mota. Wannan daga Florida ta zo, wani tsoho ne yake zuwa coci da ita. Leƙa ƙasa, in ka ga tsatsa ko ƙwaya ɗaya na ba ka kyauta."

Doguwa ce, baƙa wuluk, da kujerun fata. Abba ya ƙwanƙwasa, ya sansana, ya leƙa. Jan baya ce. Tsatsa kuwa babu, a nan Alhaji bai yi ƙarya ba. Tayoyinta suna sheƙi kamar an shafe su da man shanu. Na taɓa ɗaya, wani baƙin maiƙo ya biyo yatsana, a inda na goge kuma na ga ƙananan tsage-tsage irin na fason ƙafa. Na nuna wa Abba yatsan.

"Man taya ne, Mamana. Kowa na shafawa."

"Yarinya mai hankali," in ji Alhaji, yana dariya. "Ku shiga, ku shiga ku ji e-si."

Watan Satumba ne, garin da zafi da gumi. Ya tayar da motar ya murɗa wani abu, wata iska mai sanyi ta buge mu har na ji ta a haƙorana.

"Ka ji? Ko a Jos ba ka samun wannan."

Abba ya lumshe ido ya ce, "Masha Allahu." A gida ai da wannan ake gane lafiyar mota. Suka yi ciniki irin na gida, da "haba Alhaji" da "wallahi faɗuwa na yi", suka sha hannu. Da yamma muka ɗauki Umma muka zaga gari ba inda za mu. Tana gaba, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubi, ta ce, "Malam, yau na san na zo Amurka." Rabon da in ji dariyarta haka tun a gida.

Sai itatuwa suka fara canja launi. Na ga hotuna a littafi, amma hoto bai gaya mini komai ba. Wata bishiya a gaban makarantarmu ta koma ja tun daga sama, kamar an ɗiga mata lalle yana gangarowa. Wasu suka yi ruwan ƙwai, wasu ruwan goro. Idan rana ta ratsa su sai hanyar duka ta haskaka kamar an kunna fitilu a cikin ganyen. Na tsinci guda ɗaya na kai wa Umma. Ta juya shi ta juya, ta ce, "Ikon Allah. Mutuwa zai yi kuma yake wannan ado."

Wata safiya muka tashi ciyawa ta yi fari-fari, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Abba zai sauke ni a makaranta. Ya murɗa abin nan daga shuɗi zuwa ja, muka jira ɗumi. Iskar da ta fito ta fi ta waje sanyi. Ya murɗa, ya daki gaban motar, ya sake murɗawa. Gilashin gaba ya yi hazo daga ciki har ba ma ganin hanya, sai da na goge da gefen hijabina.

Muka koma wurin Alhaji Mudi. Bai ko ajiye wayar da ke kunnensa ba.

"Hita? Malam, ka tambaye ni hita? Kai da bakinka ka ce in kunna e-si. Motar Florida ce fa, wa ke kunna hita a can?"

"Alhaji, a masallaci muka haɗu."

"To ai shi ya sa na yi maka ragi."

Abba ya kama hannuna muka fita. Bakanike ya ce gyaran sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfinmu. Umma ta yanka wani tsohon tawul ta ajiye mana a motar don goge gilashi, ta haɗa da bargo.

Malam Issaka ya tafi. Ya bar wa Abba wata babbar rigar sanyi da ta kai masa gwiwa, ya bar wa Umma tukwane. Ba a daɗe ba Abba ya dawo daga gona wata rana ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce da safe a kan wata gada bayan motar ya yi rawa, kamar wani ya ture ta daga gefe. Farfesa kuma ta zagaya motar a gona, ta tsuguna ta dubi tayoyin, ta ce masa awaki za su fara haihuwa a tsakiyar sanyi, tana buƙatar wanda zai iso ko sama da ƙasa za su haɗe. Akwai wani ɗalibi ɗan garin mai a-kori-kura da ke son aikin. Ba ta faɗi haka don tsoratarwa ba, in ji Abba, ta faɗa ne don ya sani.

Abin da ya tara ba zai yi hita da taya ba. Umma ce ta yanke. "Sanyi ana sa masa riga. Taya fa, me za ka sa mata?"

Shagon tayoyin na hannu ne, an jibge su har rufi, ko'ina warin roba. Mai shagon yana magana da yaransa da Sifaniyanci, da mu kuma da Turanci gutsi-gutsi. Ya ce a garin nan mutane ba su cika sayen tayar sanyi ba, amma yana da wasu da ya cire daga motar da ta zo daga can arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa. Ya mirgino ɗaya. A gefenta akwai ɗan zanen dutse mai kai uku da fure a cikinsa. Fuskarta kuma cike take da ƙananan yanka sirara, irin waɗanda Umma ke yi wa kifi kafin ta soya. Na danna farcena, ta lotsa kamar ƙosai, duk da sanyin da ake yi. Na je na danna tamu ta Florida, tauri kamar bokitin roba.

Tayoyi biyu kawai kuɗin Abba suka isa saya. Mai shagon ya ɗaga motar ya ɗaura su a baya.

"A'a," in ji Abba. "Gaba."

"Baya," in ji mutumin. "Kullum baya." Wayarsa ta yi ƙara, ga layin motoci a waje, ya juya ya tafi.

Abba bai yi gardama ba. Amma muna isa gida ya fito da jak da sifana a filin ajiye motoci, ya tuɓe rigar Malam Issaka. Ni ce mai riƙe notuna a cikin hijabina.

"An cuce ni sau ɗaya a garin nan, ba za a ƙara ba," ya ce, yana nishi a kan sifana. "Ko yaron mota a tashar Funtuwa ya san taya mai kyau gaba take zama. Ta baya in ta fashe, ka gangara ka canja. Ta gaba in ta fashe, sai dai a zo a kwashe ku. Mai shagon nan ganin baƙi ya yi, yana so ya sallame mu da wuri."

Ya mayar da sababbin gaba, tsofaffin baya, ya daki kowace da ƙafa. Ni ma na yarda da shi. Duk wanda na sani a duniya haka ya sani.

A watan Janairu, wata rana muna dawowa daga makaranta, na ga fararen layuka sirara a kan titi, a jere, kamar an ja su da matsefi. Yarinyar da ke zama kusa da ni a bas ta ce ruwan gishiri ne, an fesa don ƙanƙara na zuwa. Gishiri! Na yi ta kallon layukan har gida, titi bayan titi. Da na gaya wa Umma sai ta riƙe haɓa. "Gishirin miya? A ƙasa?" Muka je shago muka tarar babu burodi, babu madara, kantocin wayam kamar an yi wasoso. Aka ce gobe ba makaranta. Da magariba wani ruwa ya fara sauka yana buga taga da ƙara kamar ana watsa tsakuwa.

Da safe, bayan mun karya, wayar Abba ta yi ƙara. Ya sa ta a fili don in taya shi ji. Farfesa ce. Ta ce bishiya ta faɗo ta tare titinsu a unguwar Sedgefield, ta jawo wayoyin wuta, ba ta da hanyar fita. Ruwan awaki zai daskare, kuma akwai akuyar da ke gab da haihuwa. "In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu in kira wancan ɗalibin."

"Zan je," in ji Abba.

Umma ta bi shi har ƙofa. "Malam, da wa za ka goge gilashi kana riƙe da sitiyari?"

 Dukansu suka dube ni.

"A'a," in ji Umma. "Ba da 'yata ba."

"Manyan tituna duk an zuba gishiri. A hankali zan tafi, kamar mai rakiyar amarya. In na ga abin ya fi ƙarfina wallahi zan juyo."

"Umma, zan iya," na ce.

Ta sa mini riga a kan riga har hannuwana suka ƙi sauka, ta cika fulas da shayi, ta tofa mini addu'a a ka. Ta ce wa Abba, "Yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo mini da ita."

Da muka buɗe ƙofa sai na kasa motsi. Ba fari ba ne irin na hotuna. Gilashi ne. Kowane reshe, kowane tsinke, kowane ganyen ciyawa an saka shi a cikin tasa kwalbar. Wayoyin wuta sun yi gemu. Wasu jajayen 'ya'yan itace a jikin shinge suna cikin ƙanƙara kamar alewa a leda. Idan iska ta ɗan motsa sai itatuwa su yi ƙara siririya, kamar mata da yawa suna tafiya da awarwaro. Abba ya tsaya a gefena ya ce, "Subhanallahi," a hankali, kamar kada ya fasa wani abu. Motarmu ma an lulluɓe ta. Sai da ya bi gefen ƙofa yana bugawa da dunduniyar takalmi kafin ta buɗe.

Babban titi ya yi taɓo-taɓo da gishiri, motar ta tafi lafiya. Ina durƙushe a kujera ina goge gilashi, in goge nasa ɓangaren in goge nawa, kafin in gama hazon ya dawo. Muka bar gari, gidaje suka fara nisa da juna. Gonaki sun kwanta suna ƙyalli har iyakar gani. Sai muka karya kwana zuwa ƙaramar hanyar gona, inda motar gishiri ba ta biyo ba. Kwaltar baƙa ce tana sheƙi, kamar jiƙa kawai ta yi.

Akwai wata 'yar gangara mai lanƙwasa. Abba ya juya sitiyari kaɗan, gaban motar ya bi yadda ya ce. Bayan ne bai bi ba. Ba ƙara, ba girgiza. Sai kawai na ga itatuwan gilashi sun fara zagaya mu a hankali, shinge ya wuce, wani katafaren jan rumbun katako ya wuce, sararin sama ya wuce, hanyar da muka fito ta bayyana a gabanmu. Na ji Abba yana cewa, "Innalillahi, innalillahi," hannunsa ɗaya ya danne ni a kujera. Can sai bayan motar ya zauna cikin rami a gefen hanya, tim, kamar tsohuwa ta zauna a tabarma.

"Mamana? Mamana, kin ji ciwo?"

"A'a." Tawul ɗin na hannuna har lokacin.

Ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna kuka a wuri ɗaya. Muka fito muna dafa jikin motar. Abba ya ciro waya ya dube ta ya mayar aljihu. Na san kiran da yake gudun yi, na gaya wa Farfesa ba zai iso ba.

Ni kuwa idona na kan hanya. A kan ɓawon ƙanƙarar akwai sawu. Biyu sun bar zane ƙarara, ana ganin ƙananan yankan nan ɗaya bayan ɗaya. Biyu kuma sun share wuri mai faɗi, sumul, kamar an ja buhu.

"Abba, duba. Na gaba ba su zame ba."

Ya zo ya tsuguna. Ya bi sawun da yatsa, ya dubi motar, ya sake duban sawun. 

"Gaba ta riƙe, baya ta sake," ya ce. "A gida fashewa muke tsoro. Nan ba fashewa ba ce." Ya yi wata 'yar dariya mara sauti. "Kullum baya. Allah sarki, mutumin nan gaskiya ya faɗa."

Muna nan sai muka ji ƙugin tarakta. Wani tsoho ne daga gidan mai jan rumbu, ya fito kai wa shanunsa ciyawa ya hango mu. Fuskarsa ja, gemunsa da ɗigon ƙanƙara. Maganarsa a ja take kamar yana waƙa, Abba bai kama ko kalma ba. Na ce, "Yana tambaya ko muna lafiya. Ya ce zai ja mu." Ya ɗaura sarƙa, taraktar ta yi nishi sau ɗaya, motar ta fito. Abba ya nuna tayoyin, ya yi alama da hannuwansa yana musanya gaba da baya, ya nuna rumbun. Tsohon ya ɗaga kai, ya ja mu har ciki inda ƙasa take a bushe, ya turo wani babban jak mai ƙafafu. Su biyu suka yi aikin ba mai magana da wani, ɗaya na kwancewa ɗaya na mirginawa. Da ya ga yatsuna sun yi ja a kan notuna, ya cire safar hannunsa ta fata ya miƙo mini. Ɗumin hannunsa na ciki. Da aka gama ya ɗaga yatsu huɗu ya nuna tayoyin, wato duka huɗun su zama na sanyi, Abba ya ce, "In sha Allahu, wata mai zuwa." Kafin Abba ya kai hannu aljihu, tsohon ya hau taraktarsa.

Sauran hanyar muka tafi kamar masu bin gawa. Motar ta ɗan yi nauyin juyawa, amma bayanta ya bi gabanta.

Tun daga nesa muka ji kukan awaki. Ruwansu ya zama dutse a cikin kwatarniya, Abba ya fasa da guduma ya ɗebo wani daga famfon ciki. A lungun garke akuyar ta riga ta haihu, biyu. Ɗaya yana tsaye yana rawar ƙafa yana neman nono. Ɗayan yana kwance a jiƙe, bai motsi. Abba ya ɗauke shi ya goge shi da buhu da ƙarfi, ya sa yatsa a bakinsa ya ce, "Da sauran rai, amma bakin ya yi sanyi." Ya buɗe rigunana ya cusa shi a ƙirjina, ya ɗora fulas ɗin Umma a gefensa, ya rufe mu da bargo. Na zauna a kan damin ciyawa ina jin zuciyarsa, ƙarama, tana bugawa nesa-nesa. Rana ta fito ta shigo ta tsagar katako. Abba yana ta raba abinci yana aunawa yana leƙo mu. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sai na ji ɗan kofato ya shure ni a haƙarƙari, wani kai ya leƙo ta wuyan rigata ya yi kuka, siriri, da fushi.

Abba ya kira Farfesa, ya kara wayar a bakin ɗan akuyan. Na ji ta yi ihu ta yi dariya. Sannan ta ce an ce daren yau zai fi sanyi, abin da ya narke zai sake daskarewa, ita kuma ba a taɓa bishiyar titinsu ba. "Gobe ma za ka iya?"

"Zan iya."

"To ba zan kira kowa ba."

Kafin mu tafi ya ɗauko buhunan dusa biyu ya jefa a but, a kan tayoyin baya. "Wannan kam ilimin Baba Sale ne," ya ce. "Mota ba kaya, bayanta rawa yake yi."

A hanyar dawowa rana ta kama itatuwa, kowane reshe yana walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kai. Ƙanƙara tana ɓallowa daga wayoyi tana faɗowa kan rufinmu, ƙwas, ƙwas. Muka wuce lanƙwasar nan, ga ramin da bayan motar ya haƙa, ga taɓo a bamba da ban san yadda za mu ɓoye ba. Ina goge gilashi ina tunanin fuskar Umma, da abin da za ta ce gobe da safe idan Abba ya ɗauki makulli ya dube ni.

"Abba."

"Na'am, Mamana."

"Don Allah, in mun isa gida ka fara ba Umma labarin ɗan akuyan. Na juyawar motar ka bari sai ƙanƙara ta narke."